Dilan da Ya Tsaya a Turba

Wata ranar Talata, a kakar shekarar da na shiga aji uku, Inna ta ɗora mini kwanon ɗumame in kai wa Baba gonarmu ta bayan jejin Ɗansoshiya, inda suke cirar gyaɗa. Karenmu Ɗan Ja na gaba, ina biye. Hantsi ya dubi ludayi ke nan sai ga wata dabba tsaye tsakiyar turba, kamar kare amma siririya, kunnuwa a miƙe, jela buzu-buzu, yawu na dalala daga bakinta. Dila ne. A tatsuniyar kakata Iya na san shi, malamin daji, wanda har yau in mutum ya cika wayo a garinmu sai a ce wane ai dila ne. Amma Iya ta sha gaya mini, "Dila ba ya yarda ku haɗa ido. Ran da ya tsaya yana kallonki, ba wayo ba ne, hauka ne." Wannan kuwa ni ya nufo. Ɗan Ja ya tare shi suka kaure, dila ya faɗa cikin dawa yana tangaɗi, ya bar wa karen cizo a ƙafar gaba.

Na san abin da ake yi wa karen da mahaukaciyar dabba ta ciza. Sai na wanke ƙafar a rafi, na shafe ta da laka, na ja bakina na tsuke. Wauta dai irin ta yarinta. Mako uku ina shara, ina tsinkar gyaɗa, ina 'yar gala-gala da ƙawaye, amma tsoro bai bar ni ba, don ƙanena Habu, ɗan shekara uku, kullum yana ƙofar gida yana ja wa Ɗan Ja kunne. Wata safiya na ajiye wa karen kaskon ruwa ya kasa sha, yana ta cizon iska, ya ɗago ya dube ni da idon dilan nan sak. Sai ga Habu da gudu zai rungume shi. Na sure yaron na faɗa zaure ina kuka, na ce, "Baba, dila ya ciji Ɗan Ja tuntuni, ni na ɓoye." Baba bai dake ni ba, da ma ya dake ni. Ya tuɓe wa Habu riga ya duba jikinsa kaf, sannan ya aika a kira maharbi. Ƙarar bindiga ɗaya na ji daga bayan rumbuna.

Yanzu jejin ya koma gonaki, babura ke bin turbar, 'ya'yana kuwa dila sai a littafi, suna ta dariyar wayonsa. Habu ma ya yi iyali, ko sunan Ɗan Ja bai tuna ba. Ni ce ban manta ba. Karen nan ya tare mini mutuwa a kan hanya, ni kuma mako uku kawai na iya tare masa.