Littafin awo na Yaya Danladi

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar Yaya Danladi. Ya tafi a shekarar korona, lokacin da aka rufe masallatai da coci-coci, har jana'izarsa a garin Manassas na jihar Virginia mutum goma kawai aka bari. Ina cikin goman, daga can baya, da takunkumi a fuska.

Safiyo ne, mai awon ƙasa, ɗan kudancin Kaduna. Ni mutumin Gusau ne, kuma shekara takwas na yi ina riƙe masa sandar awo. Shi yana bayan na'ura, ni ina tsaye a inda ya nuna, cikin rana ko ƙanƙara. Yakan ce, "Malam Sale, miƙe sandar nan, ba akuya kake kora ba." In azahar ta yi shi ke fara duba agogo ya ce in je in yi salla.

Shi ya gaya mini cewa ƙafar awo iri biyu ce a ƙasar nan. Akwai tsohuwa ta safiyo, wadda dokar jihar Virginia ta ambata a lokacin, akwai kuma wadda sauran duniya ke aiki da ita. A tsawon mil guda bambancinsu bai wuce ƙwayar dawa ba. Na yi dariya na ce wa zai yi rigima a kan ƙwayar dawa. Ya ce lambobin taswirar jiha daga nesa ƙwarai ake fara ƙirga su, miliyoyin ƙafa, saboda haka kafin a iso inda muke tsaye ƙwayar ta zama ƙafa ashirin da wani abu.

Shekara guda kafin korona aka tura mu wani fili a bayan Manassas, inda za a gina ma'ajiyar kaya. Lambobin da ofis ya turo ba su faɗi da wace ƙafa aka yi su ba. A gabana ya buga waya ya tambaya, aka ce masa ta jiha ce. Ya zaro littafinsa mai rawayar bango ya rubuta, kamar yadda ya saba rubuta komai. Muka kafa turaku. Sai da aka zuba harsashi aka gane ginin ya shiga filin maƙwabci, ashe da ɗaya ƙafar aka yi lambobin. Wanda ya amsa wayar ya ce bai tuna ba. Aka rushe harsashin, aka sallami Yaya Danladi.

Ranar da za a karɓi motar aiki, ni na kwashe kayansa na kai gidana, har da kwali cike da littattafan nan, dukkansu rawaya, dukkansu iri ɗaya. Bayan kwana biyu ya kira ni. "Malam Sale, duba mini cikin kwalin nan, akwai wanda na rubuta Manassas a bangonsa?"

A nan ne laifina yake. Na yi karatun allo, na san lambobi, amma boko ban taɓa yi ba, balle rubutun hannu na Turanci mai haɗe-haɗe. Shekara takwas ina ɓoye masa. In ya miƙo takarda sai in ce na manta tabarau. Ranar nan na zauna na juya littattafan ɗaya bayan ɗaya kamar mai dubawa, sannan na ce, "Yaya, babu shi." Ya ce, "To, ƙila ya faɗi a filin. Na gode." Bai sake tambaya ba, domin bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Da na ɗauki kwalin na kai masa, tafiyar minti ashirin ce. Tsorona kada ya zaro littafin a gabana ya gane ban iya karatu ba.

Sana'ar awo a yankin nan kowa ya san kowa. Babu kamfanin da ya sake ɗaukarsa. Mutumin da ya auna filayen makarantu da tituna ya koma kai wa mutane cefane gida-gida, kuma a cikin wannan aikin cutar ta same shi.

Bayan ya rasu na shiga ajin manya a laburare. Shekara uku ina haɗa baƙi da baƙi, malama tana haƙuri da ni. Wata Asabar da safe na buɗe kwalin. Littafi na huɗu daga sama. A shafi na biyu ga kwanan wata, ga ƙarfe nawa, ga sunan wanda ya amsa wayar da abin da ya ce. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Na dafa nawa, amma wanda ya kamata ya sha yana ƙasa.

Na kai wa matarsa, Anti Saratu, na faɗa mata komai. Ta karanta ta rufe, ta ce, "Sale, da ka faɗa masa, ai da shi zai koya maka." Kamfanin an sayar da shi, mutumin wayar ya bar jihar. Ba mu sami wanda za mu nuna wa ba.

Daga farkon 2023 gwamnatin tarayya ta yi wa tsohuwar ƙafar ritaya, aka bar jihohi su gyara dokokinsu, tsofaffin takardu kuma suna nan da tsohon awo. Ina tambayar kaina me zai ce. Na san ba zai damu da wadda aka zaɓa ba. Cewa zai yi a rubuta sunan ƙafar a kan kowace takarda, kuma a tabbata wanda ke riƙe da takardar zai iya karantawa. Har gobe wani safiyo zai buga waya ya tambaya, wani ya manta abin da ya amsa.

Turakun da ya kafa suna nan a ƙarƙashin ciyawa daga Manassas har Alexandria, mutane suna zaune lafiya da maƙwabtansu a kan iyakokin da ya ja, ba su san sunansa ba. Waɗanda suka san sunan kuwa, da filin nan suke tuna shi.

Ga abin da aka rasa. Ƙafa ashirin da uku na ƙasa. Harsashi ɗaya. Aikin shekara ashirin da shida. Suna ɗaya mai kyau. Uban yara uku. Da tafiyar minti ashirin da ban yi ba.