Ƙofar da Ta Kalli Titi

Tun da na san makarantar firamaren unguwarmu a Rikkos, ba ta da katanga. Tsofaffin azuzuwa ne a tsakiyar fili, awaki na shiga suna fita kamar da su aka yi rajista. Bayan gidanmu ya jingina da filin. In aka kaɗa ƙararrawar safe, autata tana iya ƙarasa cin ƙosanta a tsakar gida, ta fita ta ƙofar baya, ta riga malami shiga aji.

Filin yana tsakanin ɓangare biyu. Ta gabas mu ne Musulmi, ta yamma wajen kwalta kuma Kiristoci ne. Da ba haka unguwar take ba. Rikice-rikicen da Jos ta sha ne suka tace ta, kowa ya tattara ya koma cikin nasa, makarantar kaɗai ta rage ta kowa da kowa. Ba mu taɓa faɗa da baki ba, amma rashin katangar nan shi ne kwanciyar hankalinmu. Duk ranar da gari ya motsa, sai yara su watse, kowa ya miƙe inda uwarsa take, ba wanda zai taka layin wasu.

Da aka ce gwamnati ta ware kuɗin sabon gini, har da ni a masu murna. Ruwan Jos ba ya wasa, kuma kwanon ajin yarinyar ya zama rariya, duk damina littattafanta a jiƙe suke dawowa.

Hedimasta ya tara iyaye, wani injiniya ya shimfiɗa zane a kan tebur. Ga bene, ga banɗaki, ga rijiyar burtsatse, ga katanga ta zagaye komai. Maza sai gyaɗa kai suke, har da waɗanda ko akurki ba su taɓa ginawa ba. Ni kuwa na kutsa gaba, na bi layin katangar da yatsa har na dawo inda na fara. Ƙofa ɗaya tak na gani, ita ma ta yamma.

Na ce, "Yallaɓai, mu ta ina yaranmu za su shiga?"

Ya ce, "Hajiya, ta nan kowa zai bi. Ƙa'idar tsaro ce, ƙofa ɗaya, mai gadi ɗaya. Kuma dole ta kalli titi, don mota ta samu shiga in wani yaro ya faɗi."

Na ce ko 'yar ƙarama ce a bar mana ta baya. Ya ce an riga an amince da zanen a sama, kuma a kansa aka saki kuɗin. In ya ƙara ko taga ce, sai magana ta koma farko, kuma ba zai yi mini alkawarin kuɗin za su jira mu ba. Ba mugun mutum ba ne, da ladabi ya yi mini bayani. Mijina ya harare ni daga can baya, sauran iyaye suka yi tsit. Kowa ya san abin da nake tsoro, amma ga iyayen yamma a zaune a benci ɗaya da mu, wa zai buɗe baki ya ce layinsu ne ba ya so 'yarsa ta bi? Ni ma kunya ta hana ni, na koma na zauna.

Gini ya tashi, kuma gaskiya ya yi kyau. Daga tsakar gidana ina hango tagar ajin yarinyar a saman bene. Amma kafin a kai gare ta sai an fita layinmu, a bi gefen kwata, a sha kwana, a ratsa layin yamma har ƙarshe. A ranakun lafiya ba komai. Matan layin suna amsa mata gaisuwa, wata dattijuwa Kirista mai tuyar masa a bakin ƙofar makaranta har gyara take mata. Duk da haka kullum ta fita sai na tsaya a bakin zaure har ta sha kwanar nan. Mijina ya ce na cika neman abin damuwa. Na ce shi ai yana tasha duk yini, ni aka bari da kallon katanga.

Ranar da abin ya faru ina kan keken ɗinki, rana ta ɗaga, ba a kai azahar ba. Sai na ji ana bubbuga ƙofofin shaguna ana rufewa, sannan ƙarar ƙafafu. Wata mata ta wuce da gudu tana cewa an fara. A Jos in aka ce an fara, ba mai tsayawa ya tambayi me aka fara.

Na zari hijabi, ko takalmi ban sa ba, na fita ta ƙofar baya kamar yadda ƙafata ta saba. Sai ga ni a gaban katanga. Doguwa ce, ga waya mai ƙaya a samanta. Na ɗaga kai wajen tagar, na shiga ƙwala wa yarinyar kira. Na kira, na kira, har muryata ta dishe, ban ga kowa a tagar ba.

Ba yadda zan yi, na juya na kama hanyar zagaye. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin da na sha kwanar nan ba. Hijabina ya isa ya faɗa wa kowa daga ina nake. Maza na tsaye a ƙofofin gidajensu suna bi na da ido. Wani saurayi ya fito riƙe da katako, na fara kalmar shahada. Sai na ga ya juya ya tokare ƙofar shagonsa da shi. Na wuce ina gudu ina haki, tsakuwa na yanka mini tafin ƙafa.

Na tarar da ƙofar makaranta a kulle, iyaye na kowane ɓangare sun cika bakinta suna bugawa. Hedimasta yana magana daga ciki, yana cewa ba yaron da zai fita sai ƙura ta lafa. Mutane na zaginsa, ni kuwa sai na ji sanyi a raina. Tana ciki ke nan, an rufe ta.

Sai na ji an ja hijabina ta baya. Na kasa waiwayawa.

"Mama, zo ka ɗauki yarinya naka."

Mai masa ce. Ta ja ni bayan rumfarta, ta ɗaga zanin da ta rufe tebur da shi. Ga 'yata a tsugune kusa da buhun gawayi, takalmi ƙafa ɗaya.

Dattijuwar ta ce, "Ya fito da gudu kafin oga ya kulle get, yana kuka wai mamansa yana kira. Na kama hannunsa, na ce ba inda za ka je cikin wannan gudu."

Ban iya yi mata godiyar kirki ba. Kirana ne ya fito da yarinyar daga aji, ya saukar da ita daga bene, ya jefa ta titi ita kaɗai.

Kafin la'asar labari ya fito. Wani sa ne ya ƙwace daga hannun 'yan shanu ya shigo unguwa, masu gudun sa suka sa wasu gudu, har aka rufe kasuwa. Gari ya yi ta dariya. Ni ban yi ba, don ranar da za a fara da gaske ma da irin wannan gudun za a fara. Na koma wurin hedimasta kan maganar ƙofar baya, ya ce zai kai sama. Har yau ƙofa ɗaya ce.

Da yamman nan, bayan mun ci abinci, na zaunar da yarinyar a gabana na riƙe hannayenta biyu. Na ce mata duk ranar da aka sake gudu, kada ta fito. Ta zauna a aji, ta yi abin da malami ya ce, ko wa ya kira ta.

Ta ce, "Umma, ko na ji muryarki?"

Na ce, "Ko kin ji muryata."

Ta kalle ni. Can ta ce, "Ko kuka kike yi?"

Na ce mata ko kuka nake yi.