Kwalbar Tokar Senje Khavetsa

Ranar da takardar dakatar da Cherobon ta iso, babu wadda ta taɓa abincin rana. Mu goma sha huɗu muka zauna a ɗakin cin abinci na sansanin ƙungiyarmu ta ƙwallon raga a Kakamega, ugali, wato tuwon masara, yana ta huci a tsakiyar tebur, miyar ganyen wake a gefensa, kowa ta rungume hannu. Senje Khavetsa ta leƙo daga kicin, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Yau kuma azumi ake? Wace coci ce ta sa ban ji ba?"

Babu wadda ta yi dariya.

Senje na nufin gwaggo a yarenmu, kuma tun daga koci har direban bas haka ake kiranta. A Shinyalu aka haife ta. Mijinta mai saran rake ne, ya rasu ya bar mata yara huɗu, sai ta zo kamfanin sukarin da ke da ƙungiyarmu tana wankin rigunan 'yan wasa. Da mai dafa abinci ta tafi haihuwa aka ce ta riƙe kicin na wata uku. Shekara ashirin da biyu ke nan. Gajeriya ce, kanta bai kai kafaɗar mafi ƙanƙantarmu ba, amma in ta ɗaga muciya har koci kan ja da baya. Ta san wadda ba ta cin kifi, ta san wadda ke kewar gida, kuma takan gane wadda ta fara soyayya tun kafin ita mai soyayyar ta gane.

Ni Nekoye, ni ce mai ɗaga wa masu duka ƙwallo idan ta farko ta gaji. Daga jami'a na zo, ba na yawan magana, shi ya sa Senje ta raɗa mini Malama Shiru.

Cherobon kuwa ita ce dukan ƙungiyar. Doguwa ce 'yar ƙabilar Nandi, in ta tashi sama sai ka ji 'yan kallo sun ɗauke numfashi. A watan Janairu masu gwaji suka zo suka karɓi fitsarinta, yanzu ga takarda ta ce an sami haramtaccen magani a ciki. Idan laifin ya tabbata, shekara huɗu ba wasa. Saura mako biyar mu tafi gasar Alƙahira, kuma koci ya ce in aka sake kama wasu a cikinmu, ƙungiyar gaba ɗaya ce za ta kwana a ciki. Cherobon ta rantse tana kuka cewa ba ta sa komai a bakinta ba sai abin da muke ci tare.

Wannan rantsuwar ce ta juya idanunmu zuwa kicin.

Akwai wata kwalba da Senje ke ajiyewa bayan buhun gari. Babba ce, ruwan ƙasa, irin ta maganin asibiti, an kankare takardar jikinta. Wata 'yar ƙanwarta mai shara a wani asibiti ce ta ba ta tun da daɗewa. Musherekha take zubawa a ciki, wato ruwan toka: a ƙone busasshen karan wake, a zuba tokar a gwangwani mai huji, a tsiyaye da ruwa. Shi ke sa ganye ya yi laushi. Duk 'yar da ta tashi a ƙauyukanmu ta san shi. Amma rabin ƙungiyar daga bakin teku suke, ko Turkana, ko Nairobi.

Kyaftin ɗinmu Adongo ce ta miƙe, ta tsaya a ƙofar kicin ta cika ta.

"Senje, don Allah me ke cikin kwalbar can?"

"Wacce? Wannan?" Senje ta ɗaga ta tana girgizawa. "Abin da ya kai ki Alƙahira sau biyu, zungureriya. Da kika zo nan ko ragar ba kya iya taɓowa. Kina tsammanin tsallen daga ina ya fito?"

Kurin da ta saba yi ke nan kullum, mu yi dariya mu wuce. A ranar kuwa sai na ga yara biyu sun kalli juna. Kafin la'asar maganar ta kai ofishin manaja. Da safe ya zo da safar hannu, ya sa kwalbar a leda ya ɗaure, ya ce Senje ta je gida ta huta har a gama bincike. Ta kwance zanen gabanta ta ninke, ta rataye muciya a ƙusarta, ta fita.

Zan faɗi gaskiya. Ni da na tashi da miyar toka, ni da na karanta yadda jiki ke aiki, sai da na kwanta ina tunani. Toka dai toka ce. Amma kwalbar fa? Me ta taɓa ɗauka? Wa ya ga an wanke ta? Kuma me ya sa kullum take bayan buhu?

Daga nan sansanin ya zama wani wuri daban. Abinci daga otal ake kawowa a rufe, kowa ta duba murfin kafin ta buɗe. Gorar ruwa ta zama kamar jaririya, har bayi da ita ake shiga. Wata ta liƙe bakin tata da salatif ta sa hannu a kai. Man shafawa da a da yake yawo ɗaki ɗaki ya koma cikin akwati. Wadda duk ta buga wasa da kyau a atisaye, sai ka ji an ce, "Yau kam ƙarfi ya zo, me aka sha?" ana murmushi, amma idanu ba sa murmushin. A fili kuwa ƙwallo takan faɗi tsakanin mutum biyu babu wadda ta ce tawa ce. Muka sha kashi a hannun ƙungiyar da ba ta taɓa cin ko zagaye ɗaya a kanmu ba.

Ina ɗaga ƙwallo wata safiya zuwa inda Cherobon ta saba tashi, babu kowa a wurin, sai wani abu ya faɗo mini a rai. A Disamba da za mu tafi hutun Kirsimeti, Cherobon ɗingishi take. Kullum da safe Senje kan gasa mata gwiwa da ruwan zafi da wani tsohon tawul a bayan kicin, inda koci ba zai gani ba. A Janairu ta dawo tana tsalle kamar barewa. Ban sake ganin tawul ɗin ba.

Ranar Lahadi na hau babur zuwa Shinyalu. Na sami Senje a tsakar gida tana ɓarar wake.

"Malama Shiru! An aiko ki ki binciki tukwanena ne? Shiga, suna ƙarƙashin gado."

Na zauna, na ɗauki wake ina taya ta.

"Senje, gwiwar Cherobon."

Hannunta bai tsaya ba. "Na ga gwiwa ta kumbura kamar kabewa. Na ga ta dawo daga gida ta saɓe. Ruwan zafina bai taɓa irin wannan aikin ba. Iyakar abin da na gani ke nan. Allura ban gani ba."

"Ban ce allura ba."

"Ni ma ban ce ba."

"Me ya sa ba ki gaya wa manaja ba?"

"Ya tambaye ni? Da safar hannu ya zo, ba da kunne ba."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da takarda ta miƙo mini. Lauyan Cherobon ne ya kawo. An rubuta cewa ita Khavetsa ta yarda kwalbar daga asibiti ta fito, kuma ba ta da tabbacin an wanke ta da kyau. Ya gaya mata cewa in ta sa hannu, wataƙila shekara huɗun Cherobon ta koma 'yan watanni.

"In kika sa hannu ba za su mayar da ke kicin ba," na ce. "Babu makaranta ko otal da za su ɗauke ki. Za a ce ke ce kika shayar da yara haramtaccen magani."

"Na sani. Shekarata hamsin da takwas. Ita ashirin da uku, ƙannenta biyar suna kallon hannunta." Ta karɓi takardar ta ninke. "Sau bakwai na wanke kwalbar nan da tafasasshen ruwa, yau shekara goma sha ɗaya. Amma ki je ki gaya mata ranar Juma'a zan sa hannu. Sharaɗina ɗaya. Ba lauya ba, ita da kanta za ta kawo mini biron, ta sa mini a hannu."

Ta ɗauko tsohon tawul ɗin nan daga igiyar shanya ta ce in haɗa mata da shi.

Cherobon tana zaune gidan wata 'yar'uwarta a cikin gari, don an hana ta shiga sansani. Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, kalma da kalma, na ajiye tawul a kan gwiwarta. Ta dube shi, ta dube ni.

"Ke ma kina zargina, Nekoye?"

"Kowa ina zargi yanzu," na ce. "Har ni kaina."

Juma'a ta zo, Senje ta yi wanka ta sa rigar zuwa coci, ta zauna a ƙofar gida tun hantsi har rana ta karkata. Cherobon ba ta je ba. Ofishin manaja ta tafi, da wata 'yar takarda da ta ciro daga cikin Littafi Mai Tsarki. Rasidin wani mai kantin magani ne a garinsu, wanda ya yi mata allura a gwiwa, kwana biyu bayan Kirsimeti. Ta ce bai gaya mata sunan maganin ba, ita ma ba ta tambaya ba, kuma ta ɓoye ciwon ne don kada a cire sunanta daga tafiyar Alƙahira. Aka yanke mata shekara biyu. Mu kuma muka je Alƙahira muka dawo da wuri.

Senje ta koma kicinta. Kwalbar ba ta dawo ba, an ce tana wani ɗakin gwaji, kuma ba a sami komai a ciki ba sai toka. Ranar farko Adongo ta cika faranti da miyar ganye har tana zuba, ta zauna daidai ƙofar kicin tana ci da ƙara.

"Senje, gishiri ya yi kaɗan."

"Ki kai ƙara ofishin manaja, 'yata. Kin san hanya."

Har yau akwai yara uku da ba sa taɓa miyar, kuma salatif bai bar bakin gorori ba. Senje ba ta ce musu komai, sai dai ta daina kurin tsalle.

Bayan an watse ta kira ni ciki. Ta samo sabuwar roba fara, wadda ake ganin abin da ke cikinta, ta ɗora a kan tebur inda kowa zai gani. Ta miƙo mini salatif da biro.

"Rubuta mini a jiki, Malama. Ruwan toka. Da manyan baƙaƙe, yadda mai safar hannu zai gani daga ƙofa."

"Ke ba za ki rubuta ba?"

"Ni? A aji biyu na bar makaranta. Ko sunana ban iya ba, babban yatsa nake dangwalawa."

Na tsaya da biron a hannu. Shekara ashirin da biyu, babu ɗayarmu da ta sani.

"To, Senje, da Cherobon ta kawo miki biron fa? Me za ki yi da shi?"

Ta juya ta ɗauki muciyarta daga ƙusa.

"Rubuta, ruwana yana tafasa."