Jabana Ɗaya, Finjali Biyu

Jiya jikata Ikhlas, malamar makaranta, ta kafa min waya a hanci: "Habboba, kalli bidiyon da zan koyar da shi. Ashe harshe ma yana ƙarya!" An zuba wa mutane abin sha ɗaya a kofi biyu, suna ta rantsuwa wai ɗaya ya fi daɗi.

Na ce to, mu gwada a kan maigidana Alhaji. Shekara arba'in yana rantse min bai taɓa kurɓar gahawar wata mace ba sai tawa.

Na dafa gahawa a jabana ɗaya, 'yar butar nan ta ƙasa, na cika finjali biyu. "Alhaji, wannan tawa ce, wannan ta Batul mai gahawa a kasuwar riɗi. Wacce ta fi?"

Ya kurɓi wannan, ya kurɓi waccan, ya lumshe ido.

"Ya Hajja, ki ji tsoron Allah, duk taki ce. Batul ba ta ƙona gahawa haka, kuma cittarta ta fi yawa."

Ikhlas ta ce, "Kash, gwajin bai yi ba."

Na ce, "Naki ne bai yi ba, 'yar nan."

Yau shayi Alhaji ya sha, ba sukari. Jama'a, kwana nawa ya dace ya yi a haka?