Kara Ta Kai Mu Kogin Kampar

Bukit Jalil

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba al'amarina ya fara lalacewa, lokacin da aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. An sa tashi ƙarfe biyar da rabi, direbobin ƙasar nan kuwa ba sa jiran kowa. A kan haka na gina dabarata: in lafe a ɗaki har mota ta tafi, da hantsi in aika saƙo in ce barci ya sace ni. Ban iya ruwa ba. Ni 'yar Gumel ce, ruwan da na sani shi ne na randa da na sama. Tafiyar da ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa a nan Kuala Lumpur ta shirya kuwa, ƙarshenta shiga kwalekwalen roba ne a bi kogi mai gudu tsakanin duwatsu.

Ina buɗewa na ga Anti Lami, matar Malam Haladu, dattijon ƙungiyar.

"Ramlatu, ke ake jira. Mota ta cika."

"Anti, ai da kun tafi abinku."

"Mu tafi ba ke? Sa hijabinki."

Abin ya ɗaure mini kai. Mutanenmu in an sa taro ƙarfe biyu, wanda ya zo ƙarfe huɗu shi ke jera kujeru. Amma ran nan kowa yana zaune, direba Basine yana duban agogo yana tsaki, kuma an bar mini kujerar gaba ta jikin taga. Na gaishe su kaina a ƙasa, suka amsa da fara'ar da ban san dalilinta ba.

Mai karatu a gida zai ce me ya hana in ce ba zan shiga ba. Ai kun san halinmu. In babba ne ya kawo shawara, ƙin shiga tsinka shi ne a gaban jama'a. In kuwa ɗaya daga cikin samarin nan masu ɗaukar hoto ne, zan iya zama a bakin ruwa da littafina, ba wanda zai ji ciwo. Saboda haka abu ɗaya nake so in sani kafin mu isa kogi: wa ya kawo shawarar nan?

Titiwangsa

A nan muka ɗebi masu iyali, har da shugabanmu, Dakta Sagir. Bai gama digirin ba tukuna, mu ne muka riga jami'a ba shi sunan. Ya shigo cikin shadda mai sheƙi da hula zanna, ya karɓe abin magana daga hannun direba, ya yi jawabi a kan jarumtar ɗan Arewa har muka fita daga gari. Ya ce shi mutumin Wudil ne, kogi a jininsa yake.

Da ya zauna na tattara ƙarfin hali na juya.

"Ranka ya daɗe, wai wa ya zaɓi wannan wurin?"

"Kwamiti." Ya yi murmushi. "Ke dai ki saki jikinki."

Kwamitin mutum uku ne, biyu sun koma gida tun bara.

Asubar nan sai wajen ƙarfe shida take yi, don haka a masallacin wani zango na gefen titi muka yi salla. Na lura addu'ar bayan salla ta yi tsawo fiye da yadda aka saba.

Tapah

Daga Kuala Lumpur zuwa Gopeng kusan kilomita ɗari da tamanin ne, titi shimfiɗe, dama da hagu gonakin kwakwar manja har ido ya gaji. Babu shinge sai na biyan kuɗin hanya, nan ma direba bai sauke gilashi sosai ba. Wani ɗan'uwa da bai daɗe da zuwa ba ya riƙe fasfo a hannu tun daga gari, yana jiran wanda zai leƙo ya ce "me kuka kawo mana?" Har muka isa bai samu ba, na ga kamar abin ya ɗan ɓata masa rai.

Ƙarfe takwas da kwata muka tsaya karin kumallo a Tapah. Nasi lemak, wato shinkafa da madarar kwakwa da yaji da ƙananan kifi, ringit biyar. Gwaiba yankakkiya ringit uku. Yawanci in an ce makan, wato a zo a ci, mutanenmu ba sa jiran kira na biyu, har su yi tapau, wato ƙunshin guzuri. Ran nan faranti ya yi ta komawa da rabi.

Na tarar da Malam Haladu a gefe yana jan carbi, shayinsa ya huce. Na rusuna.

"Malam, ko kai ne ka ba da shawarar kogin nan?"

Ya ɗago kai. "Allah ya yi miki albarka, 'yata," in ji shi. "Allah ya sa mu ga alherinsa."

Na ɗauki wannan a matsayin e. Cikina ya ɗuri ruwa tun ban ga ruwan ba.

Gopeng

A nan doguwar mota ta ajiye mu, aka loda mu a bayan akori-kura, irin wadda ake kai shanu kasuwa. Muka hau tudu cikin daji a tsaye, masu digiri biyu da masu neman na uku, kowa ya rungumi ƙarfe, rassan itace suna marin mu ba tare da duban muƙami ba.

A bakin kogi wani saurayi Bamale, ɗan asalin ƙasar, mai suna Azlan, wanda zai ja ragamar kwalekwalenmu, ya raba mana rigar ceto da hular kwano da filafili. Matan mun sha wahalar cusa hijabi cikin kwano. Malam ya ƙi cire babbar riga, aka ɗaure masa rigar ceto a kanta, ya koma kamar ƙunshin goro. Dakta ya nemi a bar shi ya sa zanna a ƙarƙashin kwano. Azlan ya ce, "Boleh, bos, boleh," wato ba komai, da muryar mutumin da ya riga ya ga ƙarshen hular.

Sai ya tambaya wa ya iya iyo. Duk mazan suka ɗaga hannu. Ya ce madalla, kowa ya shiga nan gefe ya kwanta rigingine a gwada. Hannuwa suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Dakta ya ce shi iyonsa na babban kogi ne, ƙaramin ruwa rikita shi yake yi.

Akwai wata mai goyo da za ta zauna da yara a tudu. Na matsa kusa da Anti Lami.

"Anti, bari in tsaya in taya ta. Yaran da yawa."

"Ke?" Ta riƙe baki. "Duk duniya a rasa mai tsayawa sai ke? Wuce, kwalekwalen farko aka sa ki."

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya. Sai na ga Malam yana ƙoƙarin ɗaure igiyar kwanonsa, yatsunsa suna rawa, ya kasa. Na ce a raina, dattijo mai furfura ya ƙwallafa rai a kan abin nan har jikinsa na ɓari, ni wace ce da zan kunyata shi? Na shiga.

Cikin kogi

Mu biyar ne ban da Azlan: Malam, Anti Lami, Dakta, ni, da ɗan'uwan nan mai fasfo, wanda ya ɗaure shi a leda ya cusa a ƙirji. Azlan ya ce in ya ce gaba a tuƙa gaba, in ya ce ƙasa kowa ya faɗa tsakiya. Umarni biyu ne kacal, amma bai san da wa yake tafe ba. In ya ce gaba, sai Dakta ya maimaita a matsayinsa na shugaba, mu kuma mu jira Malam ya fara saboda girma. Malam kuwa ya ɗora filafili a cinya kamar sandar huɗuba, idonsa a rufe, yana karanta duk addu'ar da ya sani ta hawa abin hawa. Haka muka shiga gangaren farko da baya.

Ba zan iya kwatanta muku shi sosai ba, domin idona a rufe yake. Na ji ƙara kamar injin niƙa, ruwa mai sanyi ya dake ni a fuska, wani ya taka mini ƙafa yana salati.

A gangare na biyu zanna ta tafi. A bayansa, inda ruwa ya kwanta, mai hular ya leƙa nemanta ya bi ta. Ya taso yana dukan ruwa yana barin wasiyya.

"Ku gaya wa Maman Amir ta yafe mini! Babi na huɗu yana cikin kwamfuta, a kai wa sufabaizana!"

"Miƙe tsaye, bos," in ji Azlan.

Ya miƙe. Ruwan iya ƙugu.

Na yi dariya, kuma ina jin ita ce ta ja mini. A gangare na uku Azlan ya ce ƙasa, Dakta bai maimaita ba domin yana tari, ni kuma na tsaya jira. Kwalekwale ya daki dutse, na ji ni a sama, sannan a ƙasa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ran nan ni ya doka. Duhu kore, sanyi, da ƙara a kunne. Na tuna mahaifiyata da ta ce karatu aka turo ni. Rigar ceto ta cillo ni sama, na shaƙi iska rabi ruwa rabi, na sake nutsewa. Sai na ji an damƙi kafaɗuna an fizge ni. Na faɗo a kan Anti Lami, tana kuka tana zagina a lokaci guda.

"Ja'ira! Ki mutu a nan mu ce wa iyayenki me?"

Daga nan Malam ya buɗe ido ya kama tuƙi, kuma ya fi kowa ƙarfi.

Da muka fita tudu jama'a suka kewaye ni. Kowa a jiƙe, wani ba takalmi ɗaya, wata tana amai a bayan itace. Malam ya matso, babbar rigarsa na zubar da ruwa kamar indararo.

"To, Ramlatu. Kin ji daɗi?"

Idanu sama da talatin suna kaina. Na dubi dattijon nan na tuna shawararsa ce.

"Sosai, Malam," na ce. "Allah ya saka da alheri."

Aka yi kabbara.

Komawa

Mun ci abincin rana a Gopeng, wannan karon ba wanda ya bar ƙwayar shinkafa. A hanya kowa ya yi barci, ban da Dakta da na ji yana waya ƙasa-ƙasa. Mun iso Bukit Jalil ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo da mu a yawan da muka tafi, da Azlan da ya yi haƙuri da mu, da direban da ya jira ni ba da son ransa ba.

Anti Lami ta rako ni har ƙofa, wai kada jiri ya ɗebe ni. Ina neman mukulli na ce, "Anti, don Allah me ya ja hankalin Malam ga kogi, da shekarunsa?"

"Malam? Mutumin da kwana uku bai yi barci ba? Har wasiyya ya bar wa ƙaninsa."

"To wa ya kawo shawarar?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunana.

"Ke mana. Ranar taron nan da aka zagaya da takardun wuraren yawo, kowa ya duba hoto ya miƙa gaba. Ke kuwa da ta kogin ta zo hannunki kika karanta ta ciki da baya, har ƙananan rubutun ƙasa, kika ninke kika sa a jaka."

"Anti, komai na samu haka nake karanta shi. Ko kwalin magani."

"To mu ina muka sani? Na ce wa Malam, yarinyar nan shekara biyu tana cikinmu ba ta taɓa buɗe baki ta nemi komai ba, ga abin da ranta ke so, kunya ta hana ta faɗa. Ya ce in haka ne ko teku ce a shiga. Duk motar nan babu mai so, kara aka yi miki." Ta gyara mayafinta. "Kuma tunda kin ce kin ji daɗi sosai, Dakta ya riga ya kira masu kwalekwalen. Akwai wani kogin da ya fi wannan gudu. An sa mana rana bayan Salla."