Katin Haladu Na'Allah

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwar Gwiwa ya san Haladu mai gyaran keke, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ba ya iya wuce takarda a ƙasa. Ko yana tura keke, ko yana tsakiyar magana, da ya hangi guntuwar takarda mai rubutu sai ya sunkuya ya ɗauka, ya duba, ya soke ta a jikin danga ko ya sa a aljihu. Yara suna ce masa Baba Tsinto. Ni ma haka nake ce masa, don ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, ba mai hana ni tsokanarsa. Amma na san inda sunkuyon nan ya samo asali, kuma ba abin dariya ba ne.

A da Haladu ɗan ƙwallo ne, na gaske, wanda ƙwallon ce sana'arsa. In ka faɗa wa samarin da ke cika gidan kallo yanzu, sai su dube ka kamar ka sha wani abu. Can a shekarun 1980 wata masaƙa a Kano tana da ƙungiya da ake kira 'Yan Zare. Kocinsu ya gan shi yana wasa a filin makaranta a Kazaure, ya ɗauke shi mai tsaron baya. Ba zan yi masa ƙarin gishiri don ya tsufa ba: shi ba tauraro ba ne, rabin wasannin a benci ya kalle su. Amma in aka saka shi, babu abin da ke wucewa ta saman kansa. Sau ɗaya na ji an ambaci sunansa a rediyo, na miƙe da ihu har na kifar da furata.

Ubansa, kawuna Malam Na'Allah, makiyayi ne kuma manomi, mutum mai ƙarancin magana. Haladu ne ɗan farinsa, don haka bisa al'adar gidanmu bai taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" yake cewa, in kuma ransa ya yi daɗi ya ce "yaron nan". Bai so tafiyar Kanon ba, amma bai hana ba.

Sai wani kamfanin cingam ya fito da dabarar sa hotunan 'yan wasa a cikin ledar cingam. Ɗan kati ne da bai kai tafin hannu ba, hoto a sama, suna a ƙasa. Yara suka haukace a kai, suna tarawa suna musaya. Katin manyan 'yan wasa da ƙyar ake samu. Na Haladu kuwa, Allah Sarki, kamar da buhu aka buga shi. Yaro ya ɓare cingam, ya ga Haladu ne kuma, ya yi tsaki ya wurgar. Ga shi nan da koriyar riga da tarin suma, ya haɗe rai kamar an ce za a yi masa allura, a ƙasa an rubuta HALADU NA'ALLAH.

Ranar wata kasuwa kawu ya kai ɗan maraƙi sayarwa. Wani mai shayi, da nufin faranta masa rai, ya nuna masa ƙasa ya ce, "Malam, ga ɗanka ya shiga takarda, har da sunanka!"

Katin yana cikin taɓo, sawun jaki a kansa. Kawu bai yi boko ba. Ya tambaya me aka rubuta, aka karanta masa.

Ya ce, "Har da Allah ɗin aka rubuta?"

"Har da shi, Malam."

Ya duba gefe, ga wani, ga wani can bakin kwata. Ya tsince su ya goge da gefen rigarsa, ya koma gida da maraƙinsa bai sayar ba.

Aka aika wa Haladu ya zo. Ina wajen. Ya durƙusa a zaure, kawu ya juya fuska ga bango, ya yi magana da ni kamar ni kaɗai ne a ɗakin. "Ka gaya wa wancan, na ba shi sunana ya tafi da shi birni, ya dawo min da shi ƙarƙashin takalmi. Nawa ba komai ba ne. Amma akwai sunan Mai Sama a ciki."

Haladu bai ce ba laifinsa ba ne, ko da yake ba laifinsa ba ne. Cewa kawai aka yi su tsaya a ɗauke su hoto. Ya ce, "Baffa, zan kwashe su."

Ya ari kekena ya shiga bin kasuwanni, Roni, Kazaure, Yankwashi, Kanya Babba, har Babura. Ya riƙa ba yara alewa yana karɓar katinsa, yana tone juji, yana leƙa kwata. In ya tara sai ya ƙone, ya binne tokar a wuri mai tsarki, yadda ake yi wa tsohuwar takardar karatu. Na ce masa, "Kai, wannan aiki ba ya ƙarewa, a Legas ake buga su." Ya ce na ƙasarmu dai, waɗanda idon Baffa zai iya gani. Koci ya aiko, ya sake aikowa, daga baya ya ba wani rigarsa. Kafin kamfanin ya daina yin katin, ƙwallon Haladu ta ƙare. Bai rage ko kati ɗaya ba, ko don 'ya'yansa su gani, abin da har yau yake ba ni haushi.

Ya zauna gida ya kama noma da gyaran keke, ya auri Sa'adiyya, suka haihu. Kullum da safe yana zuwa gaida uban, uban yana amsawa. Ba gaba suke yi ba. Amma kawu yakan ce wa ƙannensa "Allah ya yi muku albarka" ko ruwa suka miƙo masa, shi kuwa tun ranar zauren nan bai sake ji ba. Wata rana yana facin taya ya ce min, "Zaharadeen, ina tsoron ya tafi yana ganin har yanzu ban ɗauke sunan daga ƙasa ba." Ban tsokane shi ba ranar.

Bara da damina kawu ya kwanta, tsufa ya ci ƙarfinsa. Haladu ne mai juya shi, shi ne mai yi masa alwala. Wani hantsi muna ɗaga shi don ya sha koko, sai tsohuwar hularsa haɓar-kada ta zame. Wani abu ya faɗo daga cikin ninkin ya sauka a ƙasa.

Kawu, da ya kwana biyu ba ya iya ɗaga murya, ya ce da ƙarfi, "Ɗauke shi daga ƙasa!"

Haladu ya sunkuya, aikin da ya fi kowa iyawa. Katin ne. Gumi ya cinye gefunansa, koriyar rigar ta koɗe, amma ga sumar nan, ga haɗe ran nan. Sai dai an yanke ƙasan da aska, yanka mai kyau, wajen da sunan yake. Hoton kaɗai ya rage.

Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya ce, "Baffa, ai babu sunan a jiki."

Kawu ya ce, "Na sani. Ni na cire, na ƙone tun tuni." Ya huta, numfashinsa yana fita da ƙyar. Bai juya ga bango ba wannan karon. Ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Yaron nake nufi. Mayar min da shi inda yake."

Haladu ya soke katin a ninkin hular, ya ɗora wa ubansa a ka, ya gyara mata zama da hannu biyu. Kawu ya kama wuyan hannunsa ya riƙe, leɓensa yana motsi. Ni ban ji abin da ya ce ba, don na fita waje, ina kuka kamar ƙaramin yaro. Na dai jiyo Haladu daga ciki yana cewa amin, amin, amin.

Cikin makon kawu ya rasu. Da aka zo rabon kayansa Haladu bai nemi komai ba sai hular. Ta yi masa kaɗan, kuma na gaya masa. Ita yake sawa kullum.