Na Bar Zara a Panda

Keffi

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka tashi daga ƙofar gidanmu a Jigwada, ni da Malam Iliya, direban Landirobar jami'ar da nake koyar da ilimin taurari a Zariya. A shekarun da aka fara kashe naira ne. Washegari da hantsi rana za ta yi husufi, kuma wata uku na yi ina shirin auna haskenta. A baya akwatunan na'ura ne, a cinyata kuma kwando mai murfi, Zara na ciki.

Zara kyanwata ce, fara mai baƙin kunne. Shekara huɗun da na yi ina karatu a Turai, Yaya Hauwa ce ta riƙe ta. Yaya ta biyo ni har bakin mota tana roƙon in bar ta, ta ce ta tsufa, gidan nan kaɗai ta sani. Na ce ai tawa ce. Ban ko sassauta murya ba.

Panda

Hanyar ba kwalta, ruwa ya cinye ta. Mil talatin da 'yan kai sai da suka ci mana awa biyu. A mashigar Panda muka tarar da shingen sojoji. Wani kofur ya duba akwatunan, ya yi dariya da ya ji aikina kallon sama ne, sannan ya ce in buɗe kwandon. Da na ce masa kyanwa ce ya yarda, ni ne dai na so in nuna masa. Ina ɗaga murfi wata tirela ta danna hon. Zara ta yakushe ni, ta tsallake taga, ta faɗa gonar dawa.

Awa ɗaya da rabi muna kira. Kofur ɗin ma ya shiga gonar, da wata mai tuyar ƙosai, Maman Talatu. Ƙarfe tara Malam Iliya ya ce, "Dokta, in mu kwana nan ne, ka faɗa. Ni ba ni da gaggawa."

Na dubi agogo, na ce mu tafi.

Kaduna da Zariya

Mun tsaya Kwoi muka sha mai, muka isa Kaduna ƙarfe uku. Malam Iliya ya ci tuwon shinkafa na kwabo talatin, ni shayi kawai na iya sha. Da magariba muka shiga Zariya, na kwana a ɗakina, kwandon na bayan ƙofa.

Washegari sama ta yi garau. Husufi ya zo a kan minti ɗin da na lissafa, awo ya fita yadda nake so, abokan aiki suna ta ba ni hannu. Ban ji daɗin da na yi zato ba.

Komowa

Bayan kwana biyu muka juyo. A Panda Maman Talatu ta ce yammacin ranar da muka bar ta kyanwar ta fito, ta zauna daidai inda motarmu ta tsaya har duhu ya fara. Ta jefa mata ƙosai, ba ta ci ba. Daga nan ba wanda ya sake ganin ta. Muka zaga gonaki har azahar.

Ƙarfe huɗu da minti goma muka iso gida. Yaya ta saurare ni har ƙarshe, ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni ko na ba Zara wani abu ta ci kafin ta gudu. Na ce a'a. Ta tashi ta kawo mini ruwan alwala.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Iliya da Maman Talatu da kofur ɗin da ban san sunansa ba. Dukansu sun fi ni haƙurin jira.